Ƙuruciyar Kofur a Gidan Yakaka

Yakaka 'yar masunta ce daga Katagum. A bakin kogin Jama'are ta tashi, tana taya uwarta bandar kifi, har aure ya kawo ta Azare gidan wani tela mai sanyin hali. Da telan ya rasu, ya bar ta da ɗa guda, Abdulrahim, da keken ɗinkin da ba ta iya takawa ba. Ta sayar da keken ta sayi ramammun raguna, ta shiga turka. Bayan girbi take sayen rago, ta ɗure shi da dusa da harawa da ƙowar wake, ta fitar da shi gab da Layya yana tafiya da ƙyar don ƙiba. A tsakani tana matsar man gyaɗa tana tuyar ƙuli-ƙuli. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa, mai saurin fushi, kuma idan ta ga tana da gaskiya ba ta san lallashi ba. Duk unguwar an san haka, ana dai sayen manta saboda ba ta haɗa shi da komai.

A shekarar 2004, ana gab da Babbar Sallah, ta tafi gaisuwar rasuwa da rana tsaka, ta dawo ta tarar an kwance mata raguna biyu mafiya kyau an fita da su ta bayan darni. Labari ya kai wa Abdulrahim, wanda a lokacin soja ne a Jos. Da ya samu hutu da farkon damina sai ya iso da kwali a hannu, a ciki akwai ɗan kwikwiyo mai manyan tafukan ƙafa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Yakaka ta ce ya fitar mata da wannan ƙazanta daga gida. Ita da ta shekara hamsin hannunta bai taɓa jikin kare ba, yanzu da furfura za a kawo mata shi tsakar gida inda take sallah? Abdulrahim ya zauna ya yi ta bayani. Ya ce uwar kwikwiyon irin manyan karnukan Turawan nan ce, ta wani hafsa, uban kuwa karen gida ne da ya tsallako katanga, shi ya sa hafsan ya raba 'ya'yan kyauta, don ba ya son ɗan ruwa biyu. Ya ce ai malamai sun halatta ajiye kare don tsaron dabbobi. Ya sa masa suna Kofur.

"Inna, wata shida kawai za ki daure," in ji shi. "Daga nan zai nutsu, ko ƙuda ba zai shigo gidan nan ba sai da izininsa."

Ya koma Jos ya bar ta da shi.

Abin da ya biyo baya Yakaka ba ta taɓa ba da labarinsa cikin sanyin murya ba. Kofur ya cinye bakin tabarmarta. Ya tauna marfin buta, ya tauna muciya, ya ja zanen da ta shanya ya zaga gida da shi cikin taɓo. Ya haƙa rami a gindin turmi har turmin ya karkace. Duk kwanon da ya sa wa baki sai ta wanke shi sau bakwai, tana wankewa tana tsine wa Jos da hafsoshinta. Ranar da ta bar faifan ƙuli-ƙuli yana shan iska ta shiga ɗaki, ta fito ta tarar da faifan a wanke tas, shi kuma yana kwance ciki ya kumbura yana kaɗa mata bindi. Ragunan da aka kawo shi ya tsare kuwa, abokan wasa ya mai da su. Ya kama wutsiyar wannan, ya yi tsalle a gaban wancan, su tunkuye shi ya mirgina ya tashi ya dawo.

Wata shida ya cika, jiki ya tashi kamar ana hura shi, hankali kuwa yana nan inda yake. Yakaka ta je wurin mai wayar salula da ke zama ƙarƙashin lema a bakin titi, ta sa aka kira mata Abdulrahim. Ta wanke shi tas a gaban masu jiran layi. Ya yi dariya ya ce ta ƙara haƙuri, wataƙila sai ya shekara. Wani tsohon maharbi da ke zuwa sayen mai ya ce a ɗaure shi a hana shi abincin safe, zai yi laushi. Ta gwada, Kofur ya yini yana kuka kamar jariri, ya tsinke igiya, ya yi ɓarnar da ta fi ta kullum. Kowa da ranar da yake yanka mata, kuma babu wadda ta zo da komai.

Da ya shekara, tsayinsa ya kai ƙugunta. Ta ɗaura masa igiya ta ja shi, ko kuma a ce shi ya ja ta, har asibitin dabbobi. Malam Talha, malamin dabbobin da ke duba mata raguna, ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, sannan ya gaya mata abin da ba ta so ji ba. Ya ce karen gida yakan nutsu da wuri, amma mai jinin manyan karnuka jikinsa ke riga hankalinsa girma. Irin wannan sai ya kai shekara biyu yana ƙuruciya, wani ma ya ɗan haura, kuma ɗan ruwa biyu ba a iya yanke masa rana, don ba a san gefen da ya fi ɗauka ba. Ya ce ɗaurewa ƙara lalata shi take. A samar masa ƙashi ya riƙa tauna, a bar shi ya yi gudu ya gaji.

Yakaka ta ce to ashe yaro aka kawo mata reno da sunan mai gadi. Ta koma gida tana faɗa ita kaɗai a hanya. Amma washegari ta biya wurin mahauta ta karɓo ƙashin ƙafar saniya, kuma daga ranar kullum da hantsi, idan za ta yankan ciyawa bayan gari, sai ta tafi da shi. Can zai yi ta sukuwa cikin gonaki yana korar balbela, ya dawo yana haki ya zube kusa da buhunta. Ba ta taɓa shafa shi ba. Magana dai take yi masa, yawanci zagi, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Sannu a hankali ya gane "fita" da "zauna" da "bari", ko da yake ba kullum yake ga damar ganewa ba.

Maƙwabcinta na jikin katanga, Malam Sha'aban, mai shagon kayan masarufi ne, shi da matarsa Jannatu. Tun zuwan karen ba su so shi ba, kuma da farko Yakaka ba ta ga laifinsu ba, tunda ita ma ba so take ba. Akwai ranar da Kofur ya ɗauko ɗan tsakon Jannatu a baki ya kawo tsakar gida ya ajiye, jiƙe sharkaf da yawu amma da ransa. Yakaka da kanta ta mayar da shi ta ba da haƙuri. Sai dai daga nan komai ya ɓata a unguwar, Kofur ne. Aka rasa takalmi a ƙofar masallaci, Kofur, alhali bai taɓa zuwa layin masallacin ba. Annobar kaji ta shigo ta share akurki bayan akurki, har kajin Yakaka ma suka mutu, amma Jannatu ta bi gida-gida tana cewa karen Yakaka ne ke shaƙe su. Wannan ya ƙona wa Yakaka rai fiye da duk ɓarnar da aka yi mata a gida. Ta san laifin karenta ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta sha wahalarsu, ba ta ga dalilin da za a ƙara masa da na ƙarya ba.

A farkon 2006, Kofur na dab da shekara biyu, ya fara sauyawa. Yakan kwanta a bakin garken raguna ya daɗe bai motsa ba, kunnuwa a tsaye. Idan baƙo ya yi sallama, haushi ɗaya mai kauri yake yi ya jira ta fito. Sai dai wasan bai gama fita daga jikinsa ba. Wata rana da yamma, jikar Malam Sha'aban, wata 'yar ƙaramar yarinya Khaulat, ta shigo sayen ƙuli-ƙuli tana tsalle-tsalle da kwano a hannu. Kofur ya ɗauka wasa ne, ya tashi da gudu ya dafa mata kafaɗa, ta faɗi ta kurje gwiwa a dutsen niƙa. Yakaka ta ɗaga ta, ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta cika mata kwano, ta raka ta har ƙofa.

Kafin magariba labari ya zaga cewa kare ya ciji yarinya. Kafin gari ya waye ya zama mahaukacin kare. Da safe tana tsakiyar suyar gyaɗa sai ga Malam Sha'aban da maza uku riƙe da sanduna, sun shigo mata gida ko sallama babu. Kofur ya taho yana kaɗa bindi, don bai san duka ba. Malam Sha'aban ya sauke masa gora a ƙafar baya, ƙashi ya yi ƙara, karen ya ja jiki yana ihu ya shige bayan turmi. Yakaka ta tsallake murhu ta tsaya a gabansa da ludayin suya a hannu.

"Malam, wanda zai ƙara dukansa sai ya fara da ni," ta ce. "Gidan marigayi ne wannan, ba kango ba. Da yana raye ba za ka shigo haka ba."

Mazan suka tsaya suna kallon juna, suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Magana ta je gaban mai unguwa. Yakaka ta nemi a kawo yarinyar a duba ƙafar a gaban kowa. Aka kawo ta, aka duba, babu sawun haƙori ko ɗaya, sai kurjewa da ta fara bushewa. Yarinyar ma da bakinta ta ce faɗuwa ta yi. Malam Talha ya aiko da shaidar cewa shi ya yi wa karen allura kuma lafiyarsa lau. Mai unguwa ya amsa duk wannan gaskiya ne, ya ja wa Malam Sha'aban kunne kan shiga gidan mace da sanda, sannan ya juyo ya ce amma saboda zaman lafiya, kare ya bar unguwa. Ya ce hankalin mutane ya riga ya tashi, idan aka bar shi wata rana guba za a jefa masa.

Yakaka ta tambaye shi wane irin hukunci ne wannan, a tabbatar da gaskiyar mutum sannan a kore shi. Mai unguwa ya ce ta yi haƙuri. Ta ce kalmar nan ta ishe ta, tun daga Jos ake aiko mata da ita. Ta tashi ta karkaɗe zanenta ta fita ba tare da ta yi sallama ba, abin da aka daɗe ana zancensa a unguwar.

Ta yi jinyar ƙafar Kofur har ta ɗinke, ko da yake da ɗan ɗingishi. Sannan ta aika wa Hammawa, wani makiyayi da ke zaune da iyalinsa a wajen Bulkachuwa, wanda a wurinsa take sayen raguna. Ya zo ranar kasuwa, ya duba karen da kyau, ya ce yana so. Aka ɗora shi a bayan a-kori-kura tare da buhunan dusa. Yakaka ba ta fito rakiya ba, ta shiga ɗaki ta ce kanta ke ciwo.

Bayan damina ta 2007 ta hau acaɓa ta je rugar zaɓen raguna. Tun daga nesa ta hango shi kwance a inuwar tsamiya kusa da 'yan maruƙa, ya cika ya yi faɗi, wuya kamar na ɗan maraƙi. Ya tashi ya yi haushi, ta ce masa "bari" da muryar da ya sani. Ya tsaya cak, ya tako a hankali da ɗingishinsa, ya shinshina gefen mayafinta, ya zauna a gabanta yana kallonta. Hammawa ya yi ta yabonsa. Ya ce bai taɓa riƙe kare mai hankali irin wannan ba, ba ya taɓa ƙwarya ko an bar ta a buɗe, yara na hawa bayansa, kuma tun zuwansa dila bai ƙara ɗaukar masa ɗan akuya ba. Ya tambaye ta wai da gaske ne a gari an ce mahaukaci ne.

Yakaka ta dubi karen. Ita ta ci baƙar wahalar, ita aka yi wa ɓarna, ita aka shiga wa gida da sanduna, ga shi hankalin ya zo wani ne ke morarsa.

"Ba mahaukaci ba ne, yaro ne," ta ce. "Saura kaɗan ya gama suka ƙi jira."

Ta zaɓi ragunanta, ta yi wa Hammawa faɗa kan ƙayar da ta gani a tafin karen ba a cire ba, ta tsaya a kansa sai da ya durƙusa ya cire. Matarsa ta kawo fura da nono, ta sha, ta kama hanya kafin la'asar.

Da rani ya tsananta, Hammawa ya tashi da shanunsa ya yi kudu neman ruwa, Kofur na biye da garke, kuma ba su dawo wannan yankin ba. Yakaka ta ci gaba da turkarta har ƙarfinta ya fara raguwa. Tana gaisawa da Jannatu idan an haɗu a suna ko ta'aziyya, amma ba ta ƙara taka shagon Malam Sha'aban ba. Ko ashana take so, sai ta wuce shi ta tafi har bakin kasuwa ta sayo.