Tanimu da Ƙofar Rafin Ƙirya

Duk wanda ya saba shiga tashar Kawo ya san Tanimu, direban nan mai tsohuwar bas ruwan toka, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Layin ƙauyensu Rafin Ƙirya yake bi tun yana saurayi, kuma shi kaɗai ya rage a layin. Sauran direbobi sun gudu, sun ce hanyar cin taya take.

A can aka yanke masa cibi, lokacin garin na da kasuwar Laraba, da maƙera, da fadamar rake mai riƙe da kowa. Yanzu famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne, shi ma sai an lallaɓa shi. Ɗakin shan magani ya zama rumbun masara. Iska ta yaye rufin firamare, malamai suka daina zuwa. Kwalbatin rafi ya karye, da damina ta kankama sai tumatir ya ruɓe a tsallake masu shi na kallo.

Abin da ya fi ƙona masa rai, shi ne ke kwashe mutanen da hannunsa. Ya tafi da gishiri da sabulu, ya dawo da katifu da tukwane da iyali guda, ya sauke su a Unguwar Shanu. Bayan sati ya ga maigidan, manomi ɗan manomi, yana tura kurar ruwa.

Da ya ji ƙungiyar 'yan garin mazauna Kaduna za ta yi wa ƙauyen aiki, rannan ko lodi bai yi ba. Ya sa farar riga ya nufi Unguwar Sarki, gidan shugaban ƙungiyar, Alhaji Alhassan, inda ake taro kan aikin. Bayan addu'a, Alhaji ya ɗaga hoton wata doguwar ƙofar gari mai ado, an rubuta mata barka da zuwa.

Tanimu ya miƙe. "Alhaji, wa za a yi wa barka da zuwan? Ni ke bin hanyar nan, ba mai zuwa. Fita ake yi!"

"Malam Tanimu, zauna. Gari sai da martaba. Duk maƙwabtanmu sun gina tasu."

"Martaba? Matanmu na shan ruwa ɗaya da shanu! Rabonka da kwana a garin tun rasuwar mahaifinka. Ku gyara kwalbati, ku ga ko mutane ba su zauna ba."

Wani ya ce ba a yi wa manya haka. Aka ja shi waje yana ta faɗa, har takalminsa ɗaya ya bari a ƙofar falo, bai kuma koma ɗauka ba.

Aka gina ƙofa, aka shafa mata koren fenti, aka je da motoci aka yi hotuna, kafin la'asar kowa ya juyo.

Ba a jima ba tsohon maƙerin garin, na ƙarshe da ya rage, ya tare shi a bakin tsohuwar kasuwar ƙauyen. "Ɗana, gobe ka rage mini wuri. Da uwar maƙera zan tafi. Wa zan ƙera wa fartanya?" Tanimu ya ɗora ƙarfen nan mai nauyi da kansa, ya ƙi karɓar ko sisi, kuma har suka iso Kawo bai ce uffan ba. Yaran tasha sun ce ba su taɓa jin tsoronsa kamar ranar ba.

Tun daga nan ya fita harkar ƙungiyar. Duk ranar Juma'a yakan bi wuraren gini ya roƙi fasassun bulo, ya kai ya zuba a ramin kwalbatin. Ruwa ya zo ya tafi da su, ya sake zubawa yana tsinuwa. Matarsa Harira ta ce hawan jini zai kashe shi a kan garin da ba nasa shi kaɗai ba.

"To ya kashe ni mana," in ji shi, yana neman makullin mota.