Aduwar da Kulu ta Sare

Duk wanda ya yi aikin jera duwatsu a fakon gabas da Keita ya san Kulu, gajera mai faɗan tsiya. Dutsen da ƙato zai yi wa nishi, ita sai ta ɗora a ka tana mita. Ba don tsabar da ake rabawa kaɗai take zuwa ba. 'Yarta tana kwance a fakon nan.

A yunwar saba'in da huɗu 'yar, Sabuwa, ta rasu goye a bayanta, tana da shekara uku, suna kan hanyar barin gari. Mijin Kulu, Sha'ibu, ya haƙa kabari nan inda suka tsaya. Ya nuna mata gawo daidai gabas da aduwa daidai arewa, ya ce ta riƙe su. Shi ya wuce Abijan, can ajali ya same shi.

Bayan shekara goma fari ya dawo. Akuya ɗaya ta rage mata, aduwar nan kuwa ita kaɗai ke da ganye. Ta sassare wa akuyar rassan, daga baya ta haɗa da gindin ta hura wuta. Ta ce wa kanta uwa ba ta bukatar itace kafin ta gane inda 'yarta take. Da damina ta zo, ruwa ya share fakon tas. Kulu ta yi ta zagaye, ko'ina iri ɗaya.

Da aikin gyaran ƙasa ya iso, akwai Lurwanu mai awo, kullum idonsa a na'ura mai ƙafa uku, bakinsa ba ya rabo da wata kalmar Faransanci, tiriyangilasiyo. Mata suka tasa shi gaba da tsiya har ya yi bayani: awo ne da kusurwa uku. In ka san wuri biyu da inda kake hangensu, na ukun ba ya ɓata. Haka ake sa rijiya a taswira, haka ake gano iyakar gonar da ta shafe.

Kulu ba ta yi dariya ba. An ce tarakta za ta farke fakon cikin mako. Ta ja Lurwanu zuwa gindin gawon, ta faɗa masa komai.

"Inna, ga guda. Ina na biyun?"

"Ni nis sare ta."

Har la'asar suna neman kututturen, babu. Lurwanu ya ja igiya daga gawon zuwa yamma, ya kasa kallonta.

"Layi ɗai nika iya ba ki. Ɗiyarki na bisa nai, amma ban san ina ba."

Ita kaɗai ta jera duwatsu a kan layin, tsawon taku ɗari uku, tarakta ta kauce masa. Baƙin cikin bai taɓa sakinta ba. Har ta tsufa, duk Juma'a takan bi layin daga farko zuwa ƙarshe tana addu'a, don ba ta san inda za ta tsaya ba.