Titin Da Na Bari Ya Toshe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni ina ofis, ta ce Allah Ya yi maka cikawa.

Baba Injiniya, kai ka koya mini aikin hanya. Ranar da na fara zuwa da takalmi mai sheƙi, ka dube ni ka ce, "Ango, ɗaurin aure aka zo ko zubin kankare?" Kafin la'asar ka ciro naka tsofaffi daga bayan mota ka ba ni. Ba ka taɓa yi mini faɗa a gaban lebura ba, sai dai ka ja ni gefe.

Kai ka kawo shawarar a shimfiɗa kankare mai shan ruwa a titin bakin kasuwa, inda duk damina ruwa ke shiga shaguna. Tsakuwa da siminti, yashi ɗan kaɗan, don a bar ƙananan ramukan da ruwa zai bi ya sauka ƙasa. Ranar buɗewa ka juye bokiti guda a kai, ruwan ya ɓace nan take, 'yan kasuwa suka hau tafi. Amma ka rubuta sharuɗɗa biyu, na sa hannu: a wanke titin da injin feshi sau biyu a shekara, kuma kada manyan motoci su hau.

Ka yi ritaya, na gaje ka. Shekara biyu na kiyaye, daga nan sai na riƙa cewa sai baɗi. Da masu tirela suka matsa, na kau da kai. A shekara ta shida datti ya toshe ramukan, tsakuwa ta fara ɓarewa, ruwa ya koma shaguna, ya lalata wa wata mai sayar da yadi kayanta kaf.

Kwamiti ya zauna, aka kira ka. A gabanka na ce irin wannan kankare ba shi da ƙarko, kuskuren tun daga zane ne. Ka juyo a hankali ka ce, "Ɗana, yaushe rabon da a wanke shi?" Na ce ban zo da takardu ba. Takardar da na sa wa hannu tana aljihun rigarka, ina ganin bakinta. Ba ka fito da ita ba. Rahoto ya ɗora maka laifi, ba a sake neman shawararka ba.

Shekara takwas ina kauce wa layinku. Sai rasuwarka ta kai ni. An yi ruwa da safe, layin duk taɓo, amma hanyar shiga gidanka, wadda ka zuba da irin kwaɓin nan a waccan shekarar, ko ɗigo bai kwanta ba. Mai ɗakinka ta ce da kanka kake wanke ta har ciwo ya kwantar da kai. Na tambaye ta me ya hana ka tona ni.

Ta ce, "Cewa ya yi kana da yara ƙanana, shi kuwa ya gama nasa aikin."

Ranar Litinin na kai wa hukuma bayanin gaskiya a rubuce. Na san na makara. Mai yafewar ba ya nan, balle in durƙusa a gabansa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar hisabi kamar yadda ka rufa mini. Mama, da ke da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. In kun iya, ku yafe mini.