Ɗigon Lalle Uku a Kumatun Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaban allo da safen nan a makarantarmu ta Bodinga aka bugo mini waya daga Shagari. Wai Anti Rabi ta rasu. Zazzaɓin kwana biyu kacal.



Waɗanda ba su san ta ba, ma'aikaciyar lafiya ce da aka turo Shagari. Ba dangin iya ba na baba, amma ita ta dawo mana da mahaifiyarmu.

Shekara uku Inna tana fama da ciwon ɓarin fuska a ƙauyenmu Lambara. Iska ta taɓa kumatunta na dama, sai ta ƙandare kamar an jona mata wuta. Tauna ta gagara, magana ta gagara. Mu kuma da wautarmu muka ce haƙori ne. Huɗu muka sa aka cire mata, lafiyayyu garau! Allah ya yafe mana.

Abin da ya fi ci mata rai alwala. Matar da ba ta taɓa wasa da salla ba, sai ta zauna gaban buta tana kallon ruwa tana tsoronsa.

Anti Rabi ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Wanga ba haƙori ba ne, jijiya ce. Ku tahi da ita Sakkwato."

Likita ya tabbatar. Ya ba da magani, ya haɗa da wata 'yar na'ura mai batir da ake manna wayoyinta a fuska. Tana ɗan tsikarar jijiyar a hankali har ta rage kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa. Ya ce har masu ciwon kan da ya ƙi jin magani ana yi wa irinta. Ba warkewa ba ce, sauƙi ne. Mu ko sauƙin muke roƙo.

Duk bayan kwana biyu Anti Rabi ke hawa mashin ta je Lambara ta manna mata. A mako na shida Inna ta kamfaci ruwa ta wanke fuska sau uku. Ta yi ta dariya da giɓinta, mu muna kuka.

Ranar Asabar na ga Anti Rabi ƙarshe. Na tarar ta kwaɓa lalle ta ɗiga wa Inna a kumatu wuri uku, har tana tsokanarta wai amarya. Ta ce biro goguwa yake da alwala, lalle kuwa yana mako biyu. Sai ta miƙo mini na'urar.

"Kama, Hafsatu. Ga inda za ki manna na ɗiga miki. Saura in gwada miki yadda ake murɗa ƙarfin."

Ni da ko soket ba na taɓawa! Na ce Anti ki rufa mini asiri, kada in ƙone tsohuwa.

"Ke dai matsoraciya! Mi ke ga batir biyu? Zamna, minti goma."

Na ce mota za ta tashi ta bar ni, mu bari sai wata Asabar.

Minti goma, jama'a. Minti goma na hana ta.

Yanzu na'urar na cikin kwallar Inna, babu mai iya kunna ta a gidan. Na kira ƙanwata, ta ce lallen ya fara dusashewa, kuma Inna ta sa an ajiye wa Anti Rabi nono tun jiya. Ba a faɗa mata ba. Ta yaya za a faɗa mata? Kuka ma tayar mata da ciwon yake yi.

Don Allah, don Annabi, duk ma'aikacin lafiyar da ya san irin wannan na'ura tsakanin Bodinga da Shagari ya yi mini magana. Zan zo ko'ina ne. Wannan karon zan zauna.

Ana tashi daga makaranta zan hau motar Lambara da ƙullin lalle, in maimaita ɗigon nan kafin ya ɓace. Shi kaɗai na iya.

Ya Allah, yadda ta sanyaya fuskar uwata, ka sanyaya makwancinta. Ka gafarta mata, ka raya 'ya'yanta. Duk wanda ya karanta, in ya zo wanke fuska a alwalar azahar, ya tuna da Rabi ya yi mata addu'a. Ku sa Inna ma.