Jan Takalmi a Gadon Asibiti

A gadon da ke jikin taga akwai wata dattijuwa, ƙafafu sun kumbura suntum, ga jan takalmi mai tsini a cinyarta tana shafa shi kamar jikanta. Daga gani an sha rawa a zamaninta, irin wadda in ta shigo fili sauran mata kan tuna sun bar tukunya a wuta.

Tun da safe nas ta ba ta ƙwayar sa fitsari, ga shi yanzu tana turo mata fo.

"Mama, maganin nan yana janye ruwa, amma yana sa jiri. Yi a nan."

"A fo? 'Yar nan, goyo kika mai da ni? Da ƙafata zan je banɗaki."

"To, zauna tukuna, sannan ki riƙe ni."

Tana zaune a bakin gado tana harare-harare har jirin ya sake ta. Sai ta cusa ƙafar dama a takalmin. Yatsu sun shiga, dunduniya ta ƙi.

Haka take tafiya, dafe da kafaɗar nas, ƙafa ɗaya ƙwas, ɗaya tim.

"Gaya wa likitanku, ba da silifa zan bar nan ba."