Garken Baba na Cikin Gilashi

Shekarun baya, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifina, na ɗauko shi da mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke bayan Getso na dawo da su gidana a Gwarzo, don a fi kusa da asibiti. Baba a bayan shanu ya tashi, a bayansu ya tsufa. Kafin ya kwanta wata cuta ta cinye rabin garken, bayan ya kwanta kuma muka sayar da ragowar, tunda mu 'ya'yansa duk boko ya kwashe mu, babu mai bin su daji. Tun ranar da aka kora na ƙarshe ya juya fuskarsa ga bango. Abinci loma biyu, magana sai amsa gaisuwa. Likita ya ce jikin yana samun sauƙi, amma mu da muke gidan mun san mutumin tafiya yake yi a hankali.

Ana haka wata hidima ta kai ni Kano, na wuce wani shago da ake sayar da kifin ado a akwatunan gilashi. Na daɗe a tsaye ina kallo, sai zuciyata ta ce mini mutumin da ya saba da dabba ba zai ƙi kallon abu mai rai ba. Na sayi akwati, da ɗan injin hura iska mai aiki da sola, da ƙananan kifaye masu layin shuɗi da ja, da wasu masu faɗi kamar faifai. Mai shagon ya ja mini kunne.

"Yallaɓai, waɗannan fa ba tarwaɗa ba ne. Ruwa suke zaɓa."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ni da na yi karatu har jami'a, ruwa ne zai gagare ni?

Ya kuwa gagare ni. A falona na fara ajiye akwatin don in gwada hannuna. Na cika shi da ruwan rijiyarmu, na je wani gini da ake zuba daɓen tarazo na roƙo farar tsakuwa mai sheƙi na shimfiɗa a ƙasa, na koma gefe ina yaba kaina. Kafin sati biyu kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Matata ta ce da na sani na sayo manya, ko ba komai a yi farfesu.

Abokina, malamin kimiyya a wata sakandare a Kabo, shi ya cece ni. Ya zo da wasu 'yan siraran takardu, ya tsoma ɗaya a ruwan, ta rikiɗe ta koma shuɗiya.

"Mutumina, ruwa ma halinsa gare shi," ya ce. "Wani yana karkata wajen tsami, wani wajen kanwa. Kifayen nan naka ɗan tsami-tsami suke so, kaɗan dai. Rijiyarka kuwa dama can ɓangaren kanwa take, ka zo ka ƙara mata wannan tsakuwar."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kankare ta da wuƙa, ya matsa mata lemon tsami. Nan take ta fara fitar da 'yar kumfa. Ya ce duk dutsen da ya yi haka yana narkewa a ruwa sannu a hankali, yana jan ruwan zuwa inda kifin ba zai iya zama ba. Dutsen da lemo bai motsa shi ba, shi ne abokin tafiya.

Ranar wata Asabar muka hau babur muka nufi wani busasshen rafi wajen Gude, da buhu da ledar lemo. Muna tsugune muna ɗiga wa duwatsu lemo, wani dattijo mai fartanya a kafaɗa ya tsaya a kanmu. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gona da gajiya, ya ce, "Malamai, Allah ya sa dai lafiya? Ko wani magani aka ba ku?" Da muka ce masa kifi za mu yi wa shimfiɗa, sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya wuce yana waiwayenmu. Na tabbata har gida ya kai labarin mahaukata biyu masu takalma sau-ciki.

Muka dawo da baƙaƙen duwatsu da ƙanƙarar dutse, na wanke su tas da ruwan zafi. Da damina ta kankama na riƙa tarar ruwan sama, ban da na farkon da ke wanko ƙurar kwanon rufi, ina gauraya shi da na rijiya kaɗan har takardar ta tsaya a ɗan kore mai rawaya-rawaya. Na koyi cewa ba a canza ruwan gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan duk sati. Sabbin kifaye goma sha ɗaya suka yi wata guda babu wanda ya yi ko tari, sannan na ɗauki akwatin na kai ɗakin Baba na ɗora a kan wani gajeren benci.

Kwana uku bai kalle shi ba. A na huɗu ina shirin fita aiki na ji muryarsa.

"Kai." Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan mai faɗin shi ne bijimin. Duba yadda yake korar sauran daga bakin abinci."

Sai da na fita tsakar gida na share hawaye. Daga ranar Baba ya samu garke. Ya sa aka matso da shimfiɗarsa kusa da bencin. Kullum bayan sallar asuba sai ya ƙirga su da yatsan hannunsa mai lafiya. Ya san mai haɗama, ya san mai tsoro, ya san wata 'yar ƙarama da yake kira karsana wadda kullum ita ce a baya. Ya fara cinye tuwonsa. Ya fara zama ba tare da an jingina shi ba. Har faɗa ya yi wa Inna wata rana don ta buɗe labule rana ta bugi gilashin, ita kuwa ta fito tana dariya tana cewa, "Alhamdu lillahi, masifa ta dawo."

Abincinsu kawai na bar masa, shi ma ni nake auna masa a murfin kwalba. Duk lokacin da ya ga ina tsoma takarda ya tambaye ni me nake dubawa, sai in ce, "Baba, wannan sai mu 'yan boko," mu yi dariya. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. A rayuwata ban taɓa sanin wani abu game da dabba da Baba bai sani ba, sai a kan kifin nan, shi ya sa na riƙe abina ƙam.

Wata safiya ya ce mini, "Garken nan ba su da kuzari kwana biyu. Tun da suka zo ka taɓa ba su kanwa?"

Duk wanda ya tashi a gidan kiwo ya san abin da yake nufi. In damina ta zauna, ciyawa ta yi ɗanye, ana jiƙa wa shanu kanwa a komi su sha, cikinsu ya wanke, jikinsu ya murje. Makiyayin da bai yi haka ba ana ganin bai san aikinsa ba. Minti biyu ya ishe ni in zauna in gaya masa abin da abokina ya gaya mini. Amma na makara, babur yana waje a kunne. Na yi dariya na ce, "Haba Baba, kifi da kanwa?" na fice.

Bayan kwana biyu na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da Inna tsaye a ƙofar ɗakinsa. Na shiga. Ruwan ya yi dishi-dishi. Baba yana zaune a ƙasa, ya ja jiki har gindin bencin, hannun rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu. Yana tsamo matattun ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan murfin kwano. Tara ne a jere. Biyu suna saman ruwa a karkace suna buɗe baki.

Na tsoma takarda, kafin in ɗago ta ta yi shuɗi har tana neman yin baƙi. Ban taɓa ganin ta haka ba. Kaina na fara zargi, na ce ko wani dutse ya kuɓuce wa lemona. Na zura hannu, ruwan yana santsi kamar an sa sabulu, na riƙa ɗago duwatsun. A bayan babban na taɓo wani ja-ja da ban san shi ba, yana marmashewa a hannuna. Na ɗanɗana. Jar kanwa ce. Ashe da safe ya ce Inna ta ba shi gutsure babba, ita kuma ta ɗauka cikinsa ne ke ciwo.

Inna tana kallona daga ƙofa, tana girgiza mini kai a hankali. Na gan ta sarai. Amma wahalar wata da watanni ce ta taso mini, rafin Gude, tarar ruwa, jigila zuwa Kano. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba tun da aka haife ni.

"Baba, kanwar nan ce ta kashe su! Waɗannan fa ba shanu ba ne!"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dubi murfin kwanon, ya goge hannunsa a riga.

"Na sani," ya ce. "Gani na yi kamar suna nema." Sannan ya ƙara da cewa, "Shanun ma ai a hannuna suka ƙare."

Na kwashe biyun da suka rage na juye su cikin sabon ruwa a rikice, na manta cewa canjin gaggawa shi ma kisa ne. Kafin magariba suka bi sauran. Waɗannan biyun ni na kashe su, kuma na gaya masa haka, amma ban ga alamar ya ji ba.

Na wanke akwatin, na sake haɗa ruwa, na sake sayo kifaye, har da mai faɗi irin bijiminsa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce, "Babu komai, Allah ya yi maka albarka." Abokina ya taso takanas daga Kabo ya zauna yana yi masa bayanin tsami da kanwa, ya miƙa masa takardar ya ce ya tsoma da kansa. Baba ya saurare shi har ƙarshe, saboda shi mutum ne mai kara, amma bai karɓa ba.

"Malam, na gode. Ku dai fitar da akwatin, kada in sake yi muku ɓarna."

Ya sa aka mayar da shimfiɗarsa inda take da, ya juya. Tuwon ya koma loma biyu. Na kawo masa ɗan tunkiya na ɗaure a ƙofar ɗaki, bai tambayi ko na waye ba. Ana cikin yankan dawa a shekarar Allah ya karɓi abinsa.

Na san ajali ne, kuma ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Mutane sun yi ta gaya mini haka, ni ma ina gaya wa kaina. Sai dai magana zarar bunu ce, kuma ni na san wadda na zara. Mutum ya rasa ƙafa, ya rasa garke, ya rasa garinsa, abu ɗaya ya rage masa, wato yardar cewa ya san dabba. Ya ja jiki a ƙasa da hannu ɗaya don ya yi wa garkensa abin da makiyayi nagari ke yi, ni kuma na tsaya a kansa na karɓe wannan ɗin ma. Yau kifayena suna shekara da shekaru ba su mutu ba, har daga Lakwaya an taɓa kawo mini duwatsu in duba. Ina dubawa, ina bayani dalla-dalla ga duk wanda ya tambaya, amma ba na jin daɗin komai a ciki.

Inna ba ta taɓa ɗaga maganar ba sai bayan an share makoki, mutane sun watse. Muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Shekara arba'in ina zaune da shi. Saniya ta sha mutuwa saboda kuskurensa, ina gani, shi ma ya sani. Ban taɓa ce masa komai ba sai 'kwananta ne ya ƙare', gari ya waye ya kora sauran daji. Kai da ka ce masa kwanansu ne ya ƙare, me za ka rasa?"