Yaya da Matar Japan Mai Riƙe da Kofi

Yayata ta dawo gidana a Kaura Namoda bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gonarsa ta Kurya Madaro. Ta gama takaba, amma ba ta dawo da magana ba. "Lahiya lau" da "to", su ke nan abin da muke samu. Matata ta yi lallashi har ta gaji. Ni da na shekara talatin ina sa yara magana a aji, na rasa ta inda zan fara.

Tun da na yi ritaya nake kallon tsofaffin finafinan Japan marasa kala a kwamfuta. Na karanta cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Turawa suka fara ba su lambobin yabo. Finafinan masu takubba aka fara kai wa Turawan. Na zaman gida kuwa, su Japanawan da kansu suka riƙe, wai baƙo ba zai gane ba. Da Turawa suka gani daga baya, sai suka yi ta rubuta littattafai a kan kyawun shiru. Ni dai a lokacin ba kyau nake nema ba. Abin da ba ya ihu nake nema.

Wata rana bayan La'asar ina kallo a tsakar gida, Yaya ta zauna a gefen tabarmata. A fim ɗin mutane sun cire takalma a ƙofa, sun zauna a ƙasa, sun sunkuyar da kai, ba mai cewa komai.

"Wa ar rasu musu?" in ji Yaya.

"Ba kowa, Yaya. Shayi kawai suke sha."

"Kai dai da bokonka. Mutane su tuɓe takalmi, su zamna ƙasa, su yi shuru, ka ce shayi? Zaman makoki na. Dubi waccan, ta riƙe kohi ba ta sha."

Na kalli fassarar da ke ƙasan hoton. Sun fara magana, zancen jirgin ƙasa suke yi, wai ya makara. Amma sai na bi zancen Yaya.

"Mijinta ne ya rasu," na ce.

"Ai na sani. Kwana nawa?"

"Uku."

"Ba ta ji komi ba tukuna. Sai mutane sun watse." Ta gyara zama. "Ni sai da niƙ ƙirga kwanonin tuwo, nig ga ɗaya ya yi yawa."

Ban yi hawaye ba, ban ji sanyi a zuciya ba. Na rage ƙarar fim ɗin kawai. Ta ci gaba da magana har aka kira Magariba.